Ko Ana Hango Teku Daga Soronmu

Ke da kika ari takardun nan, ki goge hannunki kafin ki taɓa su, kuma ki dawo mini da su a jere yadda na ba ki. Tun da aka kalli fim ɗin 'yata Ulfa a gidan nan, matan unguwa suka hana ni sakat da tambayar yadda aka yi, har na gaji da maimaitawa. Ga wasiƙunta, ga kwafin nawa, don ni ban taɓa aika takarda ban kwafe ta ba. Idan abin dariya kika zo nema a kan Najiba da tsani, ajiye su ki kama gabanki. Idan kuma kina da 'ya a ƙasar wasu, ki karanta a natse, kuma kada ki yarda ta saba yi miki magana mai nauyi a waya. Abin da aka faɗa a waya ba a ɗauko shi gobe a sake dubawa.

*

Angulem, Faransa, watan Afrilu

Ummina,

Assalamu alaikum. Ina fata ke da Baba kuna lafiya, da Yaya Anis da amaryarsa Ikram. Yaya gwiwar taki? Ni lafiyata ƙalau, sai ruwan sama da ba ya gajiya a garin nan.

Ga shi na rubuto da hannu kamar yadda kike so. Ummi, makaranta ta amince da aikina na ƙarshe. Ɗan gajeren fim ne na zane mai motsi, irin wanda ake ginawa a kwamfuta, kuma a kan bazarar gidanmu zan yi shi. Malamina ya ce kowa bakin ruwa da laima zai kawo, ni me ke gare ni daban? Sai na ba shi labarin aula. Na ce a garinmu Safakis, idan zafi ya kai zafi, matan dangi sukan taru a saman soro su murza tsakin alkama ya zama kuskus ɗin da gida zai ci shekara guda, su turara, su shanya, ana guɗa ana gulma. Ya ce maza in fara.

Na gina soron. Na gina Kaka Duja, Allah ya jiƙanta, har da tabon ƙunar da ke haɓarta. Ga hoton soron na sako miki. Abin da ya gagare ni hannu ne. Duk yadda na juya hannayen matan a cikin akushi, sai su fito kamar masu wanki. Don Allah ki sa Ikram ta ɗauki hannunki a waya kina murzawa, ko da kwano ɗaya ne, ta turo mini.

Sai abu na biyu, kada ki yi fushi. Bana ma ba zan samu zuwa ba. Dole in miƙa fim ɗin a ƙarshen bazara.

'Yarki,
Ulfa

*

Safakis, Tunisiya, watan Mayu

'Yata Ulfa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta. Babanki yana zuwa shago, yana dawowa da furen yasmin a bayan kunne kamar mai neman aure. Ikram yarinya ce mai kunya, ta iya kifi, sai dai hannunta yana da nauyi a gishiri.

Wannan ba ita ce bazarar farko da kika ce ba za ki zo ba. Amma ita ce ta farko da aka ce mini yarinya ta ƙi zuwa bazara saboda tana zana bazara. Ki yi mini bayanin wannan, don ni ban gane ba.

Na sa tabarau na duba hoton a bakin taga. Ina da tambayoyi, ki amsa mini su duka. Da kika ce kin gina kakarki, tana nan cikin kwamfutar ko bayan kin kashe ta? Idan kin juya ta, tana da baya, ko shafal take kamar takarda? Wa ya gaya wa na'urar inda inuwa za ta faɗi? Na tambaya ne don na hau da hantsi na duba, inuwar igiyar shanya ta faɗi daidai inda kika sa ta.

Yanzu gyara. Zanin shanya fari ne, ba mai furanni ba, don a ga ƙwaro ko tsakuwa. Kyanwar da kika kwantar a kan katanga kuwa, da kakarki ta gan ta a soro ranar aula da ta bi ta da rariya.

Waɗannan ƙanana ne. Babban shi ne shuɗin layin da kika ja a bayan rufin maƙwabta, har da ɗan jirgi a kai. Ulfa, ba a hango teku daga soronmu. Shekara talatin da ɗoriya ina hawa soron nan, tun da aka kawo ni gidan. Gabas katangar maƙwabcinmu Si Hadi ce, sai hasumiyar masallaci, shi ke nan. Na san abin da ya faru. Mutanen can suna son teku, kika sa musu. Yarinyar da ta ƙara teku yau don a yaba mata, gobe za ta ƙara abin da ya fi teku. Ban tura ki karatu don ki yi wa gidan kakarki ƙarya a gaban baƙi ba. Ki goge shi. Kafin nan hannuna ba zai shiga wayar kowa ba.

Ki riƙa sa rigar sanyi, ki kula da salla.

Mahaifiyarki,
Najiba

*

Angulem, watan Mayu

Ummina,

Na gode Allah da kuna lafiya. Ki ce wa Baba ya ajiye mini yasmin ɗaya.

Eh, Kaka tana da baya. Tana da ƙashi ma a ciki, wasu 'yan sanduna da nake ja sai ta ɗaga hannu ko ta juya kai. In na kashe kwamfuta tana nan, tana jirana. Inuwa kuwa, rana na rataya a sama na ce mata watan Yuli ne, hantsi ne, sauran ita ta sani.

Na canja zanin, na kori kyanwa. Amma Ummi, teku ba zan goge ba. Wallahi na gan shi da idona, ba don kowa na sa ba. A kansa fim ɗin yake ƙarewa, yarinya ta ɗaga kai ta hango shi. In na cire shi babu fim, in kuma babu hannu babu fim. Ki duba lamarina.

Ga hoto na biyu, mata duk sun zauna. Za ki gane Goggo Munjiya, ita ce mai buɗaɗɗen baki. Ke ce ta tsakiya mai koren ɗankwali. Ke kaɗai ce ban yi wa fuska ba, don ban tuna na taɓa ganin fuskarki ranar aula ba.

'Yarki,
Ulfa

*

Angulem, watan Yuni

Ummina,

Lafiya kuwa? Kullum sai na buɗe akwatin wasiƙa, babu komai. Na kira waya Baba ya ce kina salla. Na sake kira ya ce kin tafi kasuwa. Ummi, yaushe kika fara zuwa kasuwa da azahar? Idan gwiwar ce ta tashi a gaya mini gaskiya. Idan kuma tekun ne, ki yi mini faɗa a takarda, zan ɗauka. Shirun ne ba na iya ɗauka.

Ulfa

*

Safakis, watan Yuni

Ulfa,

Lafiyata ƙalau, kowa lafiya. Zafi ya fara, an fara sayar da tattasan shanya a bakin ganuwa.

Ba ciwo ya sa ni shiru ba. Na ajiye alƙalami ne don kada in rubuta abin da zan so in janye.

Kin yi wa kowa fuska. Goggonki, ƙanwar babanki, wadda ba ta taɓa gama akushi ɗaya ba saboda surutu, kin ba ta fuska har da haƙorinta na zinariya. Ni da nake riga kowa hawa, in sauko bayan kowa, kin mai da ni ɗankwali da kafaɗu. Kuma kika rubuta da hannunki cewa ba ki tuna fuskata ba. Idan nufinki ban kula ki ba kina ƙarama, ki faɗa a fili, ba sai kin bi ta kwamfuta ba. Kuskus ɗin da ya hana ni kallonki shi kika ci kika girma. 'Ya'yan yanzu kuna son a bar aiki a zauna ana kallonku, sa'an nan in an zo cin abinci ku fi kowa loma.

Duk da haka akwai abin da ya tsaya mini, sai na tambaya. Me ya sa a hotunan nan biyu daga sama kike kallonmu, kamar tattabara a kan waya? Haka ake koya muku, ko kwamfutar ce ba ta iya zama a ƙasa ba?

Mahaifiyarki,
Najiba

*

Angulem, watan Yuni

Ummina,

Alhamdu lillahi da lafiya kike. Na karanta takardarki a kan matakala, ban ma kai ɗaki ba. Ummi, ki yafe mini, wallahi ba haka nake nufi ba.

Kin manta inda kuke ajiye ni? Saman ɗan ɗakin da ke bakin matakala. Ke kike ɗaga ni, Goggo Munjiya tana kan tsani ta karɓa, ta ɗaure ni a ƙugu da gyale a jikin ƙarfen eriya. A ba ni reshen dabino in riƙa korar gwara, don kada in taka shanya. Daga can nake kallonku, shi ya sa hotunan suke daga sama.

Daga can ba a ganin fuskar mai aiki. Fuskar mai surutu ake gani, don ita ke ɗaga kai. Ke ɗankwalinki na sani, da hannayenki. Su nake kallo har gwara su sauka ban sani ba, Kaka ta daka mini tsawa. Shi ya sa na kasa yarda da hannayen da nake zanawa. Na san yadda naki suke, kuma ba su ba ne.

Tekun ma daga can ne.

'Yarki,
Ulfa

*

Safakis, farkon watan Yuli

'Yata Ulfa,

Muna lafiya. Gwiwa ta kumbura, kuma za ki ji dalili.

Takardarki ta iso ranar Juma'a, Goggonki tana nan ta zo cin abincin rana. Na bari sai da aka zauna, sa'an nan na ce wa babanki, "Si Munsif, ana hango teku daga saman ɗan ɗakin matakala?"

Babanki bai ko ɗago daga cire ƙayar kifi ba. Ya ce, "Sosai ma. Tsakanin hasumiya da gidan Si Hadi. In sama ta washe har jirgin da ke zuwa tsibirin Ƙarƙana ake gani."

Na ce, "Au, ka san da haka?"

Ya ce, "Najiba, a can aka riƙa ɗaure ni ina yaro. Gwaran unguwar nan kakanninsu sun san ni."

Munjiya ta kwashe da dariya har tana dukan tebur. Ta ce, "Ke ma dai, matar Yaya! Wa bai sani ba?"

Na ce, "Ni. Shekara talatin ina cikinku ba wanda ya gaya mini."

Babanki ya ce, "Ai ba ki tambaya ba."

Na ce, "Bawan Allah, yaya zan tambayi abin da ban san da shi ba?"

Munjiya ta ce, "To ke ai da girmanki aka kawo ki. Amarya ba a ɗaure ta a eriya, gaban akushi ake zaunar da ita. Ni kuwa a can na fara ganin jirgi. Na yi ta ihu wai ga gida yana tafiya a kan ruwa, Umminmu ta jefo mini takalmi ta ce in daina ƙarya in kori tsuntsu."

Ikram, wadda ba a jin muryarta a tebur, ta ce a hankali, "Ni ma ban sani ba."

Sai wani abu ya faɗo mini. Na ce, "Si Munsif, mahaifiyarka ta taɓa hawa can?"

Ya ajiye kifin. Ya ce, "Ita ma kawo ta aka yi."

Dariyar Munjiya ta tsaya. Kin ji, Ulfa. Duk wanda aka haifa a gidan nan ya san da tekun, duk wadda aka kawo ba ta sani ba. Kakarki ta murza kuskus a soron nan tun tana amarya har hannunta ya daina rufuwa, ta koma ga Allah ba ta san yana bayan kanta ba.

Washegari da hantsi na sa Anis ya fito da tsani kafin ya tafi aiki. Babanki ya biyo mu yana cewa, "Najiba, gwiwarki. Najiba, maƙwabta suna gani." Na ce su gani, ba sata na zo ba. Ikram ta riƙe tsanin, na hau ina bismilla a kowane mataki. Ƙarfen eriyar yana nan, ya yi tsatsa. Na kama shi na miƙe.

Yana nan. Bai kai naki faɗi ba, kuma bai kai naki shuɗi ba. Ya fi kama da gindin tukunya da aka goge da toka, yana ƙyalli. Ki rage shuɗin. Jirgi ban gani ba, amma na tsaya fiye da yadda na yi niyya, har babanki ya ce ko ya aiko mini da shayi can. Da na duba ƙasa in ce wa Ikram ta riƙe da kyau, ban ga komai nata ba sai ɗankwali da hannu biyu a jikin tsani.

Kada ki ɗauka na ce na yi ƙarya. Daga inda nake zama babu teku, gaskiya na faɗa miki. Ke ma gaskiya kika faɗa. Ki bar tekunki, ki bar ɗankwalin yadda yake.

Maganar hannu kuwa, na janye maganata, na sa Ikram ta ɗauka. Na kalla, na ce ta goge. Waya ba ta nuna lokacin da tsakin alkama ya sha ruwa daidai, ba ta nuna inda tafi yake dannawa da inda yake sassautawa. Hannayen da kika zana suna wanki ne don wanki kaɗai hannunki ya sani. Ba hotona kike buƙata ba, akushi kike buƙata. Mun tsai da aula a ƙarshen watan nan. Ki ɗauko kwamfutar, akwai wuta a gidan ubanki.

Mahaifiyarki,
Najiba

*

Angulem, watan Yuli

Ummina,

Kin hau? Ke da kanki? Allah ya sawwaƙe gwiwa, ki sa mata man zaitun. Na karanta wa malamina wurin da kika ce akushi nake buƙata. Ya ce ko dai ke za ki zo ki karɓi ajinsa. Ya ƙara mini lokaci. Ina zuwa. A ce wa Yaya Anis ya tarye ni, kuma a ce wa Goggo kada ta fara tsokanata.

Ulfa

*

Safakis, watan Oktoba

'Yata Ulfa,

Muna lafiya, alhamdu lillahi. An yi ruwan farko, zaitun ya fara nuna. Kuskus ɗin bana yana cikin randuna, ya bushe ƙarau. Wanda kika murza na ware shi daban. Goggonki ta ce a ajiye shi ko za a buƙaci tsakuwar gini, amma na ƙarshen da kika yi ba laifi, mun ci ranar Juma'a ba wanda ya gane. Bororon da murzar ta fito miki da shi a tafi ya warke?

Fim ɗin ya iso. Anis ya haɗa shi a talabijin, muka kalla da rana, da Goggonki da matar Si Hadi. Gajere ne ƙwarai, ban gama gyara zama ba ya kusa ƙarewa, sai da aka maimaita. Na yi farin ciki da kin ci jarrabawa. Kin rage shuɗin. Hannayen kuwa sun daina wanki. Da na gan su sai na ji tafina yana motsi a kan cinyata. Matar Si Hadi ta ce, "Wannan mai koren ɗankwalin ai Najiba ce," alhali babu fuska. Munjiya ta ce kin ƙara mata baki, na ce rage mata kika yi.

Amma ba ki gaya mini kin canja ƙarshen ba. Na zaci yarinyar ce kaɗai za ta hango tekun. Sai ga kakarki ta karkaɗe hannu, ta miƙe, ta kama tsani, ta hau har sama ta zauna kusa da yarinyar. Babanki ya tashi ya fita tsakar gida, ya daɗe bai dawo ba. Ulfa, wannan bai faru ba. Kin sani, na sani. Na kwana biyu ina juya shi, don ni ce na ce kada ki ƙara abin da babu. Ban ce ki goge ba. Ki dai yi mata addu'a duk lokacin da kika nuna shi.

Ina da tambaya. Yanzu da aka gama, tana nan a saman ɗakin cikin kwamfutar, ko kin sauko da ita? In ba wahala ki bar ta can.

Sai abin da na yanke, kuma na faɗa wa kowa a tebur. Abin da muka yi bana da Ikram, da kika riƙe mata tsani ta hau ta sauko tana dariya, ba na bana kaɗai ba ne. Daga yanzu, ranar aula a gidan nan, ba za a zuba ruwan farko a akushi ba sai an jingina tsani, duk macen da aka kawo gidan a aure ta hau ta gani da idonta. Tsanin kuma ba namiji zai riƙe ba, ba baƙuwa ba, sai 'yar da aka haifa a gidan. Goggonki ta ce bayanta ba zai iya ba, ni kuma ke kaɗai na haifa mace. Saboda haka duk aikin da za ki karɓa, a kowace ƙasa yake, ki gaya musu tun farko inda kike kasancewa a watan Yuli.

Mahaifiyarki,
Najiba